Ku Tambaye Mu: Tsohon Kratos da Sabo, Ina Alƙalami Ya Fi Kaifi?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun ta'allaƙa ne a kan jerin wasan God of War, na kamfanin Santa Monica Studio da ke ƙarƙashin Sony. Mun zaɓi biyar. Wanda bai buga ba, kuma ba ya son a tona masa yadda labarin ya ƙare, ya ajiye shafin nan sai ya gama, domin ba za mu rufe komai ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yaro na buga God of War na ɗaya da na biyu a gidan gem, a PlayStation 2. Bana na samu na buga na 2018, sai abokaina ke cewa wai a nan ne aka fara rubuta labari, na da sara da ihu ne kawai. Haka ne? (Daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokanka sun zalunci na farko. Na 2005, wanda David Jaffe ya jagoranta, Marianne Krawczyk kuma tana cikin marubutansa, ɗaurarren labari ne. Da an fara, Kratos, gwarzon wasan, za ka gani ya faɗa teku daga kan dutse don ya gaji da duniya, sannan a mayar da kai mako uku baya. Laifinsa kaɗan-kaɗan ake gutsuro maka: shugaban mayaƙan Sparta ne da ya ga mutuwa a fagen daga, ya miƙa wuya ga Ares, gunkin yaƙi a tatsuniyar Girkawa. Ares ya yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, farin da ke fatarsa kuwa tokar gawarsu ce aka la'ance shi da ita. Shekara goma yana yi wa gumakan hidima don su raba shi da mafarkin abin da ya aikata. Da ya kashe Ares, sai aka ce masa an yafe laifin, amma mafarkin yana nan daram. Duk wannan cikin kimanin awa goma.

Daga na biyu (2007) aka fara samun tangarɗa, ta yi tsanani a na uku (2010). Dalilin fushin Kratos ya ƙare tun a na farko, wasan kuwa ba ya tafiya sai da fushi, sai aka nemo masa sabon maci amana, wato Zeus, sarkin gumakan, wanda daga baya aka ce shi ne ubansa. Na biyu ya ɗan tsira saboda tafiyar tana da alƙibla, neman 'yan'uwa mata uku masu riƙe da zaren ƙaddara, sai dai an yanke shi ana tsaka da hawa dutsen Olympus, mazaunin gumakan. A na uku, duk gunkin da ya kashe talakawa ke ɗanɗana kuɗarsu: mutuwar Poseidon ta kawo ambaliya, ta Helios ta ɗauke rana, ta Hermes ta saki annoba. Shi ko a jikinsa. Can kusa da ƙarshe aka jingina masa yarinyar nan Pandora don ta tuna masa 'yarsa, ana so ka yarda cewa zuciyarsa ta yi laushi. An yi shukar a makare, ba ta kama ba.

Inda abokanka suka yi gaskiya shi ne wurin da labarin yake zaune. A tsofaffin Kratos shi kaɗai yake tafiya, labari kuma sai ta bakin mai ba da shi (muryar Linda Hunt) ko ta guntun fim tsakanin faɗa da faɗa. Kana iya daɗewa ba ka ji jimla ɗaya ba. Wanda ya buga a gidan gem, ga ihun masu buga ƙwallo a gefe, ga mai shago yana duba agogo, waɗannan guntayen ne suka fi wuce shi.

Tambaya: Ni marubuciya ce, littattafaina kashi-kashi suke fita. Ƙanina ya nuna min na 2018, na ga uba da ɗa, abin ya taɓa ni. Me suka yi takamaimai har mutumin da aka sani da ta'asa ya zama abin tausayi ba tare da an ji ƙarya ba? (Daga Katsina)

Amsa: Malama, abu na farko, ba su wanke shi ba. Cory Barlog, wanda shi ne ya jagoranci na biyu tun 2007, tare da Matt Sophos da Richard Gaubert, sun bar duk abin da Kratos ya aikata a Girka yana nan. Sun kai shi ƙasashen arewacin Turai na tatsuniyar Odin, sarkin gumakan can, da ɗansa Thor, suka ba shi ɗa, Atreus, wanda bai san komai game da tarihin ubansa ba. Mai wasa ya sani, yaron bai sani ba, don haka ko tambayar yara Atreus ya yi, sai ki ji gabanki ya faɗi.

Sannan sun ƙanƙanta burin. Matarsa Faye ta rasu, ta bar wasiyya a watsa tokarta daga kan tsauni mafi tsawo a duniyoyi tara. Jimla ɗaya ke nan, ita ce kuma ta riƙe wasa na kimanin awa 20. Da suka hau tsaunin da suke zato, aka ce musu ba shi ba ne, yana Jötunheim, ƙasar ƙattai. Kowane cikas jinkirta wasiyyar yake yi, ba ya canza ta.

Ɓoyon ma sai da aka biya farashinsa. Atreus ya kwanta ciwo saboda bai san jinin da ke jikinsa ba. Maganin yana Helheim, ƙasar matattu mai tsananin sanyi, inda gatarin ƙanƙarar Kratos ba ya aiki. Dole ya koma gida ya ɗauko tsofaffin wuƙaƙensa masu sarƙa da ya ɓoye a ƙarƙashin ɗaki, waɗanda da su ya yi waccan ta'asar. A nan labari da hannun mai wasa suka haɗu: makamin da aka daɗe ana jira ya dawo, amma ya dawo a matsayin abin kunya.

Akwai kuma dabarun aiki. Kratos bai iya karanta rubutun ƙasar ba, yaron ne ke karanta masa, littafin bayanan wasan ma da hannun yaron aka rubuta shi. Mimir, wani mai hikima wanda kansa kawai ke rataye a ƙugun Kratos, yana ba da labarai idan ana tuƙa kwalekwale. Da an sauka gaɓa sai ya ce zai ƙarasa daga baya, da an koma ruwa ya ɗora. Wato an rubuta kowane labari gaɓa-gaɓa yadda za a iya katse shi. Kyamara kuma ba ta yankewa daga farko har ƙarshe, saboda haka babu damar tsallakawa a nuna abin da maƙiya ke ƙullawa. Odin ba a gan shi ba ko sau ɗaya, sai dai a ji ta'asarsa a bakin waɗanda ya cuta. Ki lura da hannun Kratos ma: tun a farkon wasan yake miƙa shi zai dafa bayan ɗansa, sai ya janye. An riƙe wannan dafawar har kan tsauni.

Inda suka yi tuntuɓe shi ne lokacin da Atreus ya san asalinsa. Girman kai ya shige shi nan take, ya kashe Modi ɗan Thor duk da uban ya hana, har ya riƙa ƙin bin umarnin maɓallin mai wasa. Dabarar maɓallin ta yi kyau, amma sauyin halin ya zo a guje ya tafi a guje. Idan za ki canza halin wani a kashi na biyu, ki ba shi shafukan da zai canza a cikinsu, ki kuma ba shi na nadama.

Tambaya: Na ji daɗin na 2018, amma Ragnarök, wanda ya biyo bayansa, ya gajiyar da ni a tsakiya, yaƙin ƙarshe kuma kamar ana korarsu. Ni kaɗai ne? (Daga Kaduna)

Amsa: Ba kai kaɗai ba ne, kuma akwai dalili. Barlog ya bayyana cewa sun zaɓi rufe labarin arewa a wasa biyu, domin uku zai ci kusan shekara 15. Sai Ragnarök, wanda ya fito a Nuwamban 2022 ƙarƙashin Eric Williams, ya ɗauki kayan wasa biyu a kansa. Ƙirga burin da kanka: a nemo Týr, gunkin yaƙin arewa, a kwance wa Freya, tsohuwar matar Odin, sihirin da Odin ya ɗaure ta da shi, a je wurin masu duba ƙaddara, a ƙera mashin kashe Heimdall mai gadin Odin, a harhaɗa gutsattsarin wata fuskar katako, sannan a yi yaƙi. Idan aka tsayar da kai a tsakiya aka ce ina za ku, sai ka yi tunani. A na 2018 ba ka taɓa buƙatar haka ba.

Sashen Ironwood, inda Atreus ya haɗu da Angrboda, wata yarinya daga zuriyar ƙattai, shi aka fi kuka da shi. Abin da ke cikinsa wajibi ne, a nan yaron ya ga zanen da ke nuna mutuwar ubansa. Amma an shimfiɗa shi da tsinkar 'ya'yan itace da tafiyar dabba a hankali, a lokacin da mai wasa ke ɗokin komawa wurin Kratos. Lokacin da aka kashe a nan, yaƙin ƙarshe na Asgard, ƙasar Odin, ne ya rasa shi.

Surutu ma ya yi yawa. Abokan tafiya sukan faɗa maka yadda za ka warware wuyar wuri tun kafin ka gama dubawa, har sai da aka ƙara zaɓin rage wannan shisshigi lokacin da wasan ya fito a kwamfuta a Satumban 2024. Shirun Kratos, wanda shi ne ƙarfin na baya, ya rasa wurin zama.

Duk da haka, idan fage ɗaya-ɗaya za a auna, Ragnarök ya fi. Zaman da Thor da Odin suka yi a teburin Kratos a farkon wasan ya isa misali: Odin yana magana kamar dillali mai neman a daidaita, ba tsawa ba barazana a fili, Thor kuma mashayi ne da uba ya mayar makami. Bayyanar cewa Týr ɗin da ke zaune da su Odin ne a ɓoye, da kisan Brok, maƙerin da ke taimaka musu, da ƙin yafewar ɗan'uwansa Sindri har ƙarshe, duk rubutu ne mai ƙarfi. Ragnarök ne ya ci kyautar labari mafi kyau a bikin The Game Awards na 2022. Hukuncinmu: na 2018 ya fi gini, Ragnarök ya fi fage. Kuma kada ka tsallake ayyukan gefe, musamman na dabbar ruwan da Mimir ya taɓa ɗaurewa da sarƙa a Svartalfheim, da na Freya a wurin da aka ɗaura aurenta a Vanaheim.

Tambaya: Dole ne sai na buga tsofaffin kafin sababbin? (Daga Damagaram)

Amsa: Za ka fahimci na 2018 ko ba su, amma fagen ɗauko wuƙaƙen nan ba zai yi maka nauyi ba. Idan da hali, bi yadda suka fito: 2005, 2007, 2010 (an sabunta shi don PlayStation 4 a 2015), 2018, Ragnarök. Daga na PSP, ƙaramar na'urar hannu ta Sony, Chains of Olympus (2008) yana da fagen da kai da kanka za ka danna maɓalli Kratos ya ture 'yarsa Calliope daga jikinsa, Ghost of Sparta (2010) kuma labarin ƙanensa Deimos ne. Ascension (2013) bai ƙara wani abin kirki ba. Valhalla, ƙarin Ragnarök da aka saki kyauta a Disamban 2023, ka bar shi ƙarshe: a can ake titsiye Kratos kan ayyukansa na Girka, har da matuƙin jirgin da ya bari ya mutu a na 2005 bayan ya karɓe makullinsa.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya matsa in saya masa, ya ce labarin uba da ɗa ne. Ya dace? (Daga Maraɗi)

Amsa: Alhaji, bai dace ba. A Amurka an ware manyan wasannin jerin ga masu shekara 17 zuwa sama, a Turai 18. Tsofaffin suna da tsiraici a fili. Sababbin sun cire wannan, amma jini da sare kai suna nan, ga ashar, musamman a bakin Brok, kuma labarin kacokan a kan tatsuniyoyin gumakan Girka da na arewacin Turai aka gina shi. Idan akwai PlayStation 4 ko 5 a gidan, ka shiga saitin iyali ka buɗe masa asusun yaro a ƙarƙashin naka, ka sa iyakar shekaru, sannan ka sa wa naka asusun lambar sirri don kada ya shiga ta nan.