Tambaya da Amsa: Magatakardar da Ta Ƙi Sa Hannu a Takardar Auren Jinsi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam mai kula da wannan fili, ina yi maka fatan alheri. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin lauya, kuma gardama ta kaure a ajinmu kan wata ma'aikaciyar gwamnati a Amurka da aka ɗaure saboda ta ƙi ba masu auren jinsi guda takardar izinin aure. Wasu abokaina suna cewa zaluntarta aka yi, tunda kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba kowa 'yancin addini, wasu kuma suna cewa ita ce ta taka doka. Ina roƙon ka warware mana yadda abin ya faru, ka kuma faɗa mana inda kake ganin gaskiya take.
Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Matar da kuke magana a kanta sunanta Kim Davis, wadda a lokacin take magatakardar gundumar Rowan a jihar Kentaki, ƙaramar gunduma mai mutanen da ba su kai dubu 25 ba, wadda hedikwatarta take garin Morehead. Abu na farko da ya kamata ku riƙe shi ne cewa wannan kujera zaɓe ake yi a hau ta. An zaɓi Davis a watan Nuwamba na 2014, ta gaji mahaifiyarta wadda ta shekara fiye da 30 a kan kujerar, bayan ita kanta ta shafe fiye da shekara 20 tana mataimakiya a ofishin. Saboda haka babu wani shugaba a samanta da zai rubuta mata takardar sallama, sai dai majalisar dokokin jihar ta tsige ta, ko masu zaɓe su kayar da ita.

A ranar 26 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Obergefell, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa gyara na 14 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa kowace jiha ta ba masu auren jinsi guda takardar aure kamar yadda take ba kowa. Wannan hukunci ya rushe dokar da mutanen Kentaki suka kaɗa wa ƙuri'a a 2004 da rinjayen kusan kashi 75 cikin ɗari, wadda ta ce aure tsakanin namiji da mace ne kaɗai. Davis, wadda ta rungumi ɗariƙar Kiristoci ta Afostolik a 2011, ta ce ba za ta iya barin sunanta ya fito a kan irin wannan takarda ba, domin a tsarin Kentaki na lokacin kowace takardar aure tana ɗauke da sunan magatakarda a matsayin wanda ya ba da izini. Don kada a ce ta nuna bambanci, sai ta dakatar da ba da takardar ga kowa da kowa, ta kuma hana mataimakanta shida su bayar. Nan ne allura ta tono garma, domin mutum takwas ne masu neman aure huɗu suka fara kai ta ƙara, kuma biyu daga cikin auren huɗun na namiji da mace ne.

Alƙalin kotun tarayya David Bunning ya umarce ta a ranar 12 ga Agusta da ta koma ba da takardun. Ta ɗaukaka ƙara, ta nemi a jingine umarnin, har Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da roƙonta a ranar 31 ga watan. Washegari ofishin ya cika maƙil da 'yan jarida da kyamarori, wasu maza biyu suka tsaya a gaban kanta suna neman takarda, ita kuma ta fito daga ɗakinta ta ce ba za a bayar ba yau. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ta da ikon wa take hanawa, ta amsa masa da cewa da ikon Allah. Kwana biyu bayan haka alƙali ya same ta da laifin raina kotu, ya ce tara ba za ta yi tasiri ba tunda magoya bayanta ne za su biya, ya aika da ita gidan yarin gundumar Carter. A wannan zama ne ya kira mataimakanta ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su, biyar suka yarda za su ba da takardun, ɗanta na cikinta da yake aiki a ofishin shi kaɗai ya ƙi. Aka yi wa Davis tayin ta koma gida idan ta yi alkawarin ba za ta hana su ba, ta ce ba ta yarda ba. Ta yi kwana biyar a tsare, aka sake ta ranar 8 ga Satumba, inda dubban mutane ɗauke da fararen gicciye suke jiranta a ƙofar gidan yarin tare da 'yan siyasa irin su Mike Huckabee, wanda a lokacin yake neman takarar shugaban ƙasa.

Ka lura da wannan tayi da ta ƙi karɓa, domin a nan ne shari'ar take, kuma shi ne abin da masu gardama suka fi tsallakewa. Ba a ɗaure ta don abin da ta yi imani da shi ba, kuma babu wanda ya ce sai ta ɗaura aure ko ta halarci biki. An ɗaure ta ne saboda ta rufe wa masu neman takardar aure ƙofar ofishin gwamnati bayan kotu ta ce a buɗe. Hujjar alƙalin, wanda shi kansa ɗan ɗariƙar Katolika ne kuma Shugaba George W. Bush ne ya naɗa shi, ita ce sa hannun magatakarda shaida ce kawai cewa masu nema sun cika sharuɗɗan da doka ta gindaya, kamar shekaru da rashin wani aure a kansu, ba ya nufin ta sa wa auren albarka. Idan jami'i ya zauna a kan kujera ya buga hatimi, hukuma ce take magana ta hannunsa. 'Yancin addini kuwa, a tsarinsu, an kafa shi ne don ya kare mutum daga hukuma, saboda haka wanda yake riƙe da ikon hukuma ba zai ɗauki wannan garkuwa ya tsaya da ita a gaban talakan da ya zo neman takarda ba.

Na san yawancin masu karanta wannan mujalla, Musulmi da Kirista, zuciyarsu tana tare da ita a kan asalin maganar aure, kuma a Najeriya tambayar ba ta ma taso ba, tunda dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta haramta irin wannan aure. Amma kai da kake koyon aikin lauya, gwada ƙa'idar Davis a kan wani jami'in, ka ga ko za ta zauna maka. A ce magatakarda ɗan Katolika ne wanda addininsa bai yarda da saki ba, ya ƙi ba bazawara takardar sabon aure. Ko kuwa a ce wani ne a wata gunduma ta karkarar Amurka da yake ganin bai halatta Kirista ta auri Musulmi ba, ya rufe tagar ofis a fuskar ɗan'uwanmu da ya je can neman abinci. Idan aka ba jami'i damar auna dokar ƙasa da ma'aunin aƙidarsa kafin ya yi wa jama'a aiki, marasa rinjaye ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu, kuma Musulmi a Amurka suna cikinsu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ita kuwa albashinta na kimanin dala dubu 80 a shekara daga harajin kowa yake fitowa, har da waɗanda ta mayar.

Duk da haka ba zan ce ba ta da ƙorafi na gaskiya ba. Ta yi rantsuwar kama aiki a watan Janairu, lokacin da dokar jiharta take daidai da imaninta, wata shida kacal aka sauya dokar tana kan kujera, kuma tun farko abin da ta roƙa shi ne a cire sunanta daga takardar. Gwamnan lokacin, Steve Beshear, ya ƙi kiran zaman majalisa na musamman, ya ce magatakarda su yi aikinsu ko su ajiye. A ganina ya yi taurin kai a inda sassauci ba zai cutar da kowa ba, kuma abin da ya biyo baya ya nuna haka: wanda ya gaje shi, Matt Bevin, ya ba da umarni a watan Disamba na 2015 aka cire sunayen magatakarda daga takardun, majalisa ta mayar da shi doka a 2016, masu nema suka ci gaba da karɓar takardunsu, ita kuma ta ci gaba da zama a ofishinta. Layi ɗaya ne a kan takarda, da an goge shi a watan Yuli da wataƙila ba a kai ga gidan yari ba. Masu sukarta sun yi ta tono cewa ta yi aure sau huɗu, amma wannan gori ne kawai, bai ƙara wa shari'ar komai ba.

Ƙarshen lamarin bai yi mata daɗi ba. Ta sha kaye a zaɓen 2018 bayan ta sauya sheƙa daga jam'iyyar Dimokurat zuwa Rifablikan. A 2023 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ta biya waɗancan maza biyu diyyar dala dubu 100, aka ƙara mata kimanin dala dubu 260 na kuɗin lauyoyinsu, kuma a watan Nuwamba na 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararta. Ka gaya wa abokanka cewa tana da gaskiya da ta nemi a raba sunanta da takardar, amma ba ta da ita da ta hana mataimakanta aiki.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Malam. Ƙanena yana zaune a Amurka, kuma ya samu aiki a ofishin da ake rajistar haihuwa da aure. Hankalin mahaifiyarmu ya tashi, domin an gaya mata za a tilasta masa ɗaura auren jinsi, har ma an ce limamai a can ba su tsira ba. Don Allah mene ne gaskiyar wannan magana?
Daga wata 'yar'uwa, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, a gaishe mana da Mama, a kuma kwantar mata da hankali game da limamai. Babu dokar da ta tilasta wa limami ko fasto a Amurka ya ɗaura auren da addininsa bai yarda da shi ba. Gyara na farko na kundin tsarin mulki ya kare su, kuma dokar aure da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a watan Disamba na 2022 ta faɗa ƙarara cewa ba za a tilasta wa masallatai da coci-coci su shirya irin wannan biki ba.

Batun ƙanenki ya ɗan bambanta, domin shi ma'aikacin gwamnati ne, sai dai matsayinsa ya fi na Kim Davis da muka yi bayani a sama sauƙi. Shi ɗaukarsa aiki aka yi, kuma dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci saboda addininsa matuƙar hakan ba zai jawo wa wurin aikin wahala mai yawa ba, kariyar da ba ta shafi zaɓaɓɓun jami'ai ba. A 2023 Kotun Ƙoli ta ƙara wa wannan kariya ƙarfi a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aiki ranar Lahadi. A babban ofishi mai ma'aikata da yawa, ana iya sauya masa tebur ko wani abokin aiki ya karɓi wannan ɓangare, muddin wanda ya zo neman takarda zai same ta ba tare da jinkiri ko wulaƙanci ba. Idan kuwa shi kaɗai ne a kan tagar, da wuya kotu ta goyi bayansa.

Jihar da yake zaune tana da muhimmanci ƙwarai. Karolina ta Arewa ta yi doka a 2015 da ta ba jami'i damar janyewa saboda addini, da sharaɗin ya janye daga ɗaura kowane irin aure na aƙalla wata shida. Yuta ta wajabta wa kowane ofishin gunduma ya tanadi wanda zai ɗaura, ba lallai sai magatakarda da kansa ba. Alabama kuwa ta soke takardar izinin gaba ɗaya a 2019, ma'aurata su cika fom su kai a yi rajista. Da a Ingila yake, da amsar ta fi tsauri, domin Lillian Ladele, mai rajista a unguwar Islington ta birnin Landan, ta nemi irin wannan sassauci ta rasa, har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta goyi bayan hukumar da take yi wa aiki a watan Janairu na 2013. Afirka ta Kudu ma ta ba jami'anta damar janyewa a dokar 2006, sannan ta soke wannan dama a 2020.

Ki shawarce shi ya karanta takardar da ta fayyace ayyukansa tun yanzu, ya gano ko karɓar fom ne aikinsa ko ɗaura aure, sannan ya rubuta wa shugabansa buƙatarsa a rubuce, ya ajiye kwafi, kafin ranar da wani zai tsaya a gabansa da fom a hannu. Idan akwai ƙungiyar ƙwadago a ofishin ya sanar da wakilinta, ya kuma nemi lauyan da ya san dokokin aiki na wannan jihar ya duba masa takardar kafin ya miƙa ta.