Hangen dala ba shiga birni ba ne: amsoshi kan sayar da hotuna a intanet

Tun da aka fara yayata cewa ana samun dala da hoton waya, saƙonnin da ke zuwa wa wannan fili suka koma kusan iri ɗaya. Na tsamo huɗu, na rage musu tsawon gaisuwa.

Daga Zariya: "Malam, shekara shida ina ɗaukar hoton biki da suna. Ina da hotuna sun fi dubu goma jibge a kwamfuta, na amare da kamu da walima. Abokina ya ce in zuba su a Shutterstock, kuɗi su riƙa shigowa ina barci. Har ina shirin sayar da babur ɗina in cika in sayi sabuwar kyamara. Me ka gani?"

Ɗan'uwa, ka bar babur ɗin nan a inda yake, shi ke kai ka wurin aikin da ke ba ka abinci yau. Kyamarar da ta shekara shida tana gamsar da uwar amarya ta fi ƙarfin abin da Shutterstock ke nema, domin megafiksel 4 (ma'aunin yawan ɗigogin da ke cikin hoto) ne mafi ƙarancin girman da suke karɓa, haka ma Adobe Stock. Inda gizo ke saƙa shi ne hotunan su kansu.

Fara da sanin irin cinikin. Shutterstock da aka kafa a New York a 2003, da Getty Images mai iStock, da Adobe Stock, da Alamy ta Ingila, duk dillalai ne, kuma hajarsu ita ce izinin amfani da hoto, wato lasisi. Ka ɗauki kanka kamar mai kujerun haya: kujerar tana nan taka, yau tana gidan suna, gobe wurin walima, kowa ya biya. Bambancin kawai, hoto ɗaya na iya zama a wuri dubu lokaci guda, kuma wanda ya karɓa ba ya dawo da shi.

Haƙƙin mallaka na nan a hannunka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare hoto har shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a, kuma ba sai ka yi rajista ba. Sai dai dokar nan ta ce wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin gidansa, irin na biki da suna, yana da ikon hana a baza hoton a bainar jama'a, in ba an yi wata yarjejeniya dabam ba. Hoton naka ne, amma fuskar da ke ciki da mai ita.

Su ma kamfanonin ba za su karɓa haka nan ba. Duk hoton da za a yi talla da shi, muddin akwai wanda za a iya gane shi a ciki, sai ka haɗa da takardar amincewa mai ɗauke da sunansa da sa hannunsa. Mutum goma, takarda goma. In yaro ne, uba ko uwa ko waliyyi ke sa hannu. To wa zai bi ƙawayen amaryar da aka kai ɗakinta shekara huɗu da suka wuce, wata tana Kaduna wata tana Jidda?

Ko da za su yarda, ina so ka yi musu bayani da Hausa dalla-dalla, kada ka miƙa takardar Turanci ka nuna wurin sa hannu da yatsa. In hoto ya shiga kasuwa ba ka da ikon zaɓar mai saye. Sharuɗɗan sun hana amfani da shi a batsa ko ɓata suna, amma banki mai tallan rance da ruwa ko kamfanin man shafawa na iya ɗora fuskar matar mutum a allon talla a Legas ko Nairobi, kuma bai karya doka ba. In ka janye hoton daga baya, lasisin da aka riga aka sayar yana nan daram. Ranar da mijin ya gani, ba New York zai nufa ba, shagonka zai zo.

Ka koma cikin dubu goman nan ka tsince waɗanda ba mutum a ciki: farantin alkaki da nakiya da dubulan, kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe, ƙwaryar goro, kaskon turare yana hayaƙi. Ka duba kowanne da idon basira, don tambarin kamfani ko ɗaya yana sa a dawo da hoto. Kwalbar lemo a gefen faranti ta isa, haka ma yaron da ya gifta daga baya sanye da rigar Barcelona.

Daga Maraɗi, wata ɗaliba: "Yaya, ni waya kawai gare ni. Nawa ake samu tsakani da Allah, kuma me ya kamata in ɗauka?"

Ƙanwata, waya ta isa, in akwai haske. Ki ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya, ki goge idon kyamarar, ki guji jawo hoto da yatsu, don yana fasa shi. Yawancin abin da ake mayarwa dishi-dishi ne ko yashi-yashin da duhu ke jawowa.

Ga lissafin. Tun watan Yuni na 2020 Shutterstock ke biya hawa-hawa. Mai farawa yana samun kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da mai saye ya biya, in an sauke hotunansa fiye da sau 100 ya hau kashi 20, kuma ba a kai kashi 40 sai an wuce sau 25,000 a shekara guda. Ranar 1 ga Janairu kowa ya koma matakin farko. Da yake yawancin masu saye kuɗin wata suke biya su kwashi hotuna da yawa, abin da ke faɗowa kan hoto ɗaya sau da yawa senti 10 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. Ba a fitar da kuɗi sai sun kai dala 25, ki ga kuwa a wannan farashi sai an sauke hotunanki sau 250. Adobe Stock na ba da kashi 33 a hoto, 35 a bidiyo. iStock na ba da kashi 15 ga wanda ke kai haja wurare da yawa, 25 zuwa 45 ga wanda ya yarda ya tsaya gare su kaɗai. Ban ba mai farawa shawarar ya ɗaure kansa wuri guda ba. Ki zuba a biyu ko uku ki ga inda kasuwarki take.

Akwai kuma rabon Amurka. Za a sa ki cike takardar haraji mai suna W-8BEN, kuma da yake Nijar da Najeriya ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, duk cinikin da aka yi da mai saye daga can ana yanke kashi 30. Senti 10 ya koma 7. Wajen karɓar kuɗi, akwai Payoneer, manhajar karɓar kuɗi daga ƙasashen waje. Ki buɗe ta da sunan da ke kan katin shaidarki, harafi da harafi.

Me za ki ɗauka? Kowa hankalinsa na tafiya ga Masallacin Agadas, da Hawan Daushe a Kano, da karofin Ƙofar Mata, da wasan kamun kifi na Argungu. Suna da kyau, amma ƙwararru masu manyan kyamarori sun daɗe da yi musu rubdugu. A ganina giɓin yana cikin rayuwar yau da kullum: likita da hijabinta tana duba mara lafiya, tela a kan keke, manomi yana duba farashin gero a waya, uwa da 'yarta suna aikin makaranta a tsakar gida. Mai shirya rahoto ko talla kan Afirka ta Yamma irin waɗannan yake nema. Ki fara da 'yan gidanku da suka fahimci abin suka sa hannu.

Hoton titi da kasuwa da taro, inda ba yadda za a yi kowa ya sa hannu, yana da tasa ƙofar, wato lasisin labarai. Jarida da littafi da shirin talabijin na iya amfani da shi, mai talla kuwa an haramta masa. Shutterstock da Alamy na karɓa. Sharaɗin shi ne ki rubuta gari da kwanan wata da abin da ke faruwa, kuma kada ki goge wani abu ko ki ƙara. Ta wannan ƙofa ce hotunan almajirai da mabarata ke cika rumbunan hotunan kamfanonin nan. Ni dai ba na so. Yaron da ba wanda zai tsaya masa bai kamata ya zama hajar senti 10 ba.

Sauran aikin na zama ne. Kowane hoto sai an ba shi suna da kalmomin nema, har 50 a Shutterstock, kuma da Turanci. In kin ɗauki fura ki rubuta sunanta, ki ƙara da gero da nono da ƙwarya da Nijar da Turancinsu, don mai saye a Jamus bai san kalmar fura ba. Wata shida ki gani kafin ki yanke hukunci, kuma kada ki ɗora kuɗin makaranta a kansa.

Daga Maiduguri: "Malam, turaren wuta da humra nake sayarwa. Yarona ya ɗauko mini hoton furanni mai kyau a Google za mu buga a jikin kwalba. Wai akwai laifi?"

Akwai, Hajiya. Google nuni kawai yake yi, kowane hoto da mai shi. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara, balle wanda aka ɗauko ba a tambaya ba.

In saye za ki yi, za ki ga lasisi iri biyu, ɗaya an rubuta masa RF, wato royalty-free. Cikin sunan na Turanci akwai kalmar "firi", shi ya sa mutane ke zaton kyauta ne. Ma'anarsa ki biya sau ɗaya ki yi ta amfani ba tare da an sake bin ki kuɗi ba. Ɗayan kuma RM, wanda ake yanka farashinsa bisa ƙasa da wa'adi da yawan bugu, ya ja baya sosai. Getty ma ta daina shi a hotunan talla tun 2020. Ƙaramin lasisin Shutterstock ya ba ki damar bugawa a jikin kwalba da kwali har guda 500,000, ya ishe ki. In kuwa hoton ne ainihin abin sayarwa, kamar kalanda ko riga ko kofi, sai babban lasisi. Abu biyu ki riƙe: ba a mayar da irin wannan hoto tambarin kasuwanci, kuma maƙwabciyarki na iya sayen shi gobe ta liƙa a tata kwalbar.

Akwai na kyauta a Unsplash da Pexels da Pixabay, furanni ba matsala. Amma in da fuskar mutum ki yi hattara, domin izinin mai ɗauka dabam, na wanda aka ɗauka dabam. A 2007 kamfanin Virgin Mobile na Ostireliya ya ɗauki hoton wata yarinya 'yar Amurka daga shafin ɗora hotuna na Flickr, wanda mai ɗaukarsa ya sake shi da lasisin Creative Commons mai ba da izinin amfani kyauta, ya yi talla da shi, mahaifiyarta ta kai ƙara.

Da ni ne ke, mai hoton unguwa zan kira ya ɗauki kwalaben nan da kaskon da itacen turaren. Ku rubuta a takarda cewa ya ba ki izinin talla da bugawa, ba wa'adi, kuma ba zai sayar wa wani ba. Mai sayen humra ya fi son ganin humra a kan furen Holan.

Daga Kumasi: "Wani na tallar zai buɗe mini asusu ya haɗa mini da hotuna dubu biyar in ɗora, in biya shi. In shiga?"

A'a, malam. Buɗe asusu kyauta ne a duk kamfanonin da na ambata, kuma darussan farawa suna nan a shafukansu ba ko sisi. Lokacin rajista kana amincewa ne cewa duk abin da ka ɗora kai ka ɗauke shi ko kai ke da haƙƙinsa. Dubu biyar ɗin nan an sayar wa wasu kafin kai, ko kuma daga rumbunan aka kwaso su. In aka gano, rufe asusun ake yi, kuma sunanka da katin shaidarka ne a kai. Kuɗin da za ka ba shi ka sayi ƙafar ɗora waya da farin kwali na maido haske, ka shiga zango ka fara da mai waina.