Amsar tambayarki kan jinkirin da nake yi da turare

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin lura duk lokacin da aka miƙo mini turare ba na cewa komai nan take, sai in ɗiga a wuyan hannu, in ci gaba da hira, can daga baya in kai hannun hanci in lumshe ido. Kina tambaya ko wata al'ada ce ta manya da ke ba ki sani ba, ko kuwa yanga ce irin ta Gwaggo. Na yi dariya sosai.

Wajen mahaifiyarmu na gani, Allah ya jiƙanta. Ita ba ta taɓa ba ni dalili ba. Sai da na shekara ina koyar da kimiyya na gane abin da hancinta ya riga ya sani.

Turare ba abu ɗaya ba ne a cikin kwalba. Haɗi ne na sinadarai masu yawa, kuma ba tare suke tashi ba. Masu sauƙi, irin na ɓawon lemo, su ne ke fara dukan hanci, kafin wasu mintoci sun gudu. Bayansu na furanni su fito. Masu nauyi kuwa, irin su miski da sandal da ud, sai jiki ya ɗumama su tukuna, kuma su ne za su kwana a tufafinki. Wadda ta shaƙa sau ɗaya ta ce "wannan ya yi" sallama kawai ta amsa, ba ta ga baƙon ba. Sau nawa na ga mutum ya saya da murna, bayan awa biyu yana yamutsa fuska yana cewa an canja masa!

Ud ɗin nan ma da jinkiri aka same shi. Itace ne na kudu maso gabashin Asiya wanda lafiyayyensa ba shi da wani ƙamshi. Sai ya ji rauni, wani naman gwari ya shige shi, sannan ya riƙa fitar da baƙin ƙaro don kare kansa, shekara da shekaru. Wannan ƙaron ne ake nema.

Shi kuma hanci yana da nasa hali: saurin sabo. In kika zauna cikin ƙamshi ɗaya, ba da jimawa ba za ki daina jin sa, alhali wanda ya shigo yanzu yana ji sarai. Shi ya sa nake janye hannuna in bar shi ya huta kafin in koma. Shi ya sa kuma nake yi miki faɗa kan feshi bakwai. Ke ce kika daina ji, mu da ke kusa da ke muna shan wuya.

Lumshe idon ne abin da ya fi wuyar bayani. A 1991 wasu masana biyu a Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano ƙwayoyin gadon da ke gina masu karɓar ƙamshi a cikin hanci, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da kusan iri 400 na waɗannan, kuma saƙonsu yana isa kusa da sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe tunani da motsin zuciya ta gajeriyar hanya. Ni dai a aikace na san shi. Akwai mayafin mahaifiyarmu a ƙasan akwatina. In na buɗe, kafin in tuna fuskarta, na riga na ji ta tsaye a bayana tana gyara mini ɗaurin ɗankwali. In idona na buɗe, bango da labule sai su raba mini hankali.

A 2020 da korona ta kama ni, ƙamshi ya ɗauke mini ɗungurungum na makonni. Na buɗe akwatin nan, na danna mayafin a fuska, ba komai, tsumma kawai. Ranar na yi kuka. Abin da na fara ji da ya dawo shi ne ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, wanda wasu ƙananan halittu na cikin turɓaya ke samar da sinadarinsa. Na tsaya a bakin ƙofa har kafaɗata ta jiƙe.

Kin kuma tambaya me ya sa ba na mayar da turare ko da ban so shi sosai ba. Wannan kam daga hadisi ne: Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda aka miƙa wa raihani, wato tsiro mai ƙamshi, kada ya mayar, domin ba shi da nauyin ɗauka, ga daɗin ƙamshi.

In kin zo hutu ki taho da wancan da kika ce ya gundure ki. Kada ki fesa a hanya. Za mu ɗiga shi da hantsi, mu ji abin da zai ce bayan la'asar. Ki gaida mini mamanki.