Gadon Jariri a Gefen Gadon Mai Jego: Amsa ga 'Yar Ɗan'uwana

Assalamu alaikum, 'yata.

Saƙonki ya iso gare ni, kuma na fahimci abin da ake ja-in-ja a kansa a gidanku. Maigidanki yana son sayen ƙaramin gadon jaririn nan da ake jinginawa da gadon uwa, wanda ake sauke gefensa ɗaya, ita kuwa Hajiya mahaifiyarsa ta ce a gidansu ba a san jariri da gado ba, ɗa a jikin uwarsa yake kwana har a yaye shi. Kin tambaye ni ko sayen gadon saɓa wa al'ada ne, idan kuma ba haka ba ne, wane iri ya kamata ku zaɓa.

Hajiya gaskiya ta faɗa, sai dai ya kamata a tuna da irin ɗakin da ake wannan kwanciyar a cikinsa. A gidajen da muka tashi, mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa wanka, ta zauna har ta yi arba'in, wata ma ta wuce. Gadon da take kwana a kai na ƙasa ne ko na kara, an shimfiɗa masa tabarma ko 'yar siririyar katifa wadda ba ta lotsawa, kuma miji ba ya kusa da ɗakin balle ya hau gadon. Abin da ya fi muhimmanci shi ne akwai tsohuwa a ɗakin, kaka ko gwaggo ko wata dattijuwar da aka ɗauko domin jego, wadda barcinta ba ya nauyi, jariri yana motsawa ta farka. Saboda kunyar ɗan fari ma, sau da yawa a gaban tsohuwar yaron yake kwana a kan 'yar shimfiɗarsa, sai ya yi kuka ta taɓa ƙafar mai jego ta ce ta tashi ta ba shi, ta kuma zauna tana kallo har ya ƙoshi, sannan ta karɓe abinta. Abin da al'adar ta tsare ke nan: jariri ya kasance inda hannu zai kai gare shi, a kan wuri mai tauri, kuma akwai idon babba a kansa.

To, dubi ɗakinki na yau. Katifar soso ce mai kauri wadda mutum yake nutsewa a cikinta, ga filalla uku ko huɗu, ga bargo mai nauyi saboda sanyin na'ura, ga maigida da ya dawo aiki a gajiye ya kwanta a ɗaya gefen, ke kuma kin kwana biyu ba ki runtsa ba, babu wata tsohuwa da za ta tashe ki idan barci ya sace ki da nono a bakin yaro. Wanda ya ce a sa jaririn kwana bakwai a tsakiyar wannan shimfiɗar da sunan bin al'ada, ya riƙe sunanta ne kawai, ya bar tsaron da ke cikinta.

Kada kuma wani ya ce miki tsoron danne jariri tunanin Turawa ne. Malaman fikihu sun daɗe da tattauna mas'alar macen da ta juya cikin barci ta danne ɗanta ya rasu, suna kawo ta a babin kisan kuskure, wanda hukuncinsa yake cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Da abin ba ya faruwa, da ba su ɓata tawadarsu a kansa ba. Likitoci su ma sun zo da nasu bayanin. Akwai mutuwar fuju'a da ke samun jarirai cikin barci, wadda ta fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma mafi yawanta kafin wata shida take aukuwa. A Ingila an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991, a Amurka kuma a 1994, kuma cikin shekaru goma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a Amurka. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shidan farko, amma a kan shimfiɗarsa ta daban, kusa da gadon uwa. Haɗarin haɗa shimfiɗa yana ƙaruwa idan yaron bakwaini ne ko an haife shi ba nauyi, ko bai kai wata huɗu ba, ko uwar ta sha maganin da ke sa barci, ko akwai mai shan taba a gidan. Mafi muni duka shi ne barci ya kwashe mace da jariri a kan doguwar kujerar falo.

Saboda haka ni a ganina ku saya. Gadon gefe yana mayar miki da wani ɓangare na abin da tsohuwar nan take yi, domin yaro yana jin ƙamshinki, kina jin numfashinsa, kina miƙa hannu ki jawo shi ki shayar ba tare da kin sauko ba, sannan ki mayar da shi wurinsa. Idan Allah Ya ƙaddara an yi miki aiki wajen haihuwa, za ki san amfanin wannan a makon farko, lokacin da tashi zaune ma kan zama wahala. Abin da ba na goyon baya, kuma na tabbata shi ne Hajiya take tsoro, shi ne a ware wa jinjiri ɗaki shi kaɗai, a rufe ƙofa. Wannan kam ba namu ba ne, likitocin ma ba su yarda da shi ba a watannin farko.

Wajen zaɓe, ki fara da awon gadonki kafin ki leƙa kasuwa. Ki auna daga ƙasa zuwa saman katifarki, ki rubuta, domin gadon gefe mai kyau ana ɗaga shi ana sauke shi, kuma dole tsayinsa ya dace da naki, kada katifar yaro ta fi taki bisa. Sannan ki dubi bakin gadonki da kyau. Gadajen amaren yanzu da yawa suna da faffaɗan katako da ya zagaye katifa, wani ma har da soso a liƙe, kuma irin wannan yana hana gadon jariri mannewa, sai a bar rami tsakanin katifun biyu. Wannan ramin shi ne babban haɗarin gadon gefe, domin jariri yana iya gangarawa fuskarsa ta cushe a ciki, ba shi kuma da ƙarfin wuyan da zai ɗago. Kada a toshe ramin da tawul ko filo. Idan gadonki irin wannan ne, ko kuma katifarki a ƙasa take, to ki bar gefen a ɗage kullum, ki yi amfani da shi a matsayin gado mai zaman kansa a kusa da ke. Idan kuwa ya manne, akwai maɗaurai da yake zuwa da su waɗanda ake zagayawa a ɗaure da gadon uwa, kuma duk wanda aka ce miki maɗauransa sun ɓata ki bar wa mai shi kayansa. Ko da ya manne ɗin, na fi son ki riƙa ɗaga gefen idan za ki yi barci, ki sauke shi lokacin shayarwa.

Katifar ita ce abu na biyu. Ki danna ta da tafin hannu a shagon. Idan hannunki ya nutse ya bar gurbi, ba ta yi ba. Ta kasance mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda ta cika gadon har yatsunki biyu ba sa shiga tsakaninta da bango. Mu tsofaffi muna da tausayin da kan sa mu ƙara soso ko mu ninka bargo a ƙarƙashin yaro don kada bayansa ya yi ciwo, alhali taushin ne yake rufe masa hanci idan ya juya. Ki guji duk abin kwanciyar da ya kishingiɗar da jariri, kansa a sama. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye irin wannan kusan miliyan 4.7 daga kasuwa bayan mutuwar jarirai a cikinsa, kuma a 2022 Amurka ta yi dokar hana sayar da makwancin jarirai mai gangare da kuma sosan da ake zagaye bangon gado da shi. Na kawo miki wannan ne domin kayan da aka daina amfani da su a can sukan biyo dilar gwanjo su iso kasuwanninmu, a sayar da su da tsada a matsayin kayan waje. Haka kuma 'yar katifar nan mai laushi da ake sayarwa haɗe da filo da gidan sauro mai kama da lema, wadda kusan kowace mai jego ake kawo mata a kayan barka, ta ajiye yaro da rana ce kina zaune kina kallonsa, ba ta kwanan dare a kan gadonki ba.

Idan kafinta za ku ba aikin, babu laifi, kuma sau da yawa ya fi ƙarko. Sai dai a tsaya a kansa. Tazarar da ke tsakanin sandunan gefe kada ta wuce santimita 6, domin idan ta fi haka jikin yaro yana iya zurarewa kansa ya maƙale. A goge katakon sumul, kada kan ƙusa ya leƙo, a kuma bar zane-zanen huda katako na ado. A tambayi irin fentin da za a shafa, domin wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, yaro kuma da ya fara haƙora bakin gado yake gwaigwaya. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake daga haƙar zinariya ta fito, ya isa ya nuna yadda take illata ƙananan yara. Wanda bangonsa raga ne yana da daɗi a ƙasar zafi, iska tana ratsawa, kina kuma hango fuskar yaro daga kwance. Idan kuɗi sun yi wuya, kada ku ci bashi saboda gado. A ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati take raba wa masu ciki kayan jarirai, waɗanda a yau ake sawa a kwali da 'yar katifa a ƙasansa, kuma a cikin kwalin jarirai da yawa suke barcinsu na farko. Faffaɗan kwando mai ƙarfi, mai shimfiɗaɗɗen gindi, da katifa mai tauri daidai girmansa, zai yi aikin.

Cikin gadon kuwa, daga katifa da zanen da ya kame ta sai yaro. Babu filo, babu 'yar tsana, babu tulin zannuwa. Kwanciya rigingine ce, dare da rana. Na san za a ce miki a kife shi ko a karkata shi don kada tumbiɗi ya shaƙe shi, amma idan jariri yana rigingine hanyar iskarsa tana saman hanyar abinci, abin da ya taso yakan koma ciki ko ya fito ta baki, kifewar ce ma take sa ya taru a bakin hanyar numfashi. Masu tsoron ƙeya ta baje kuma, sai ki riƙa sauya ɓangaren da kansa yake fuskanta, ki kife shi na ɗan lokaci idan yana farke kina wurin, goyo ma idan lokacinsa ya yi yana taimakawa. A wasu gidaje akan ajiye wuƙa ko wani ƙarfe a wajen kan jariri, ko a rataya masa laya da zare a wuya. Waɗannan kada su shiga gadon. Addu'ar neman tsari da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa Hasan da Husaini ta wadatar, ki koye ta ki riƙa tofa masa.

Gidan sauro wajibi ne a ƙasarmu. Ko dai babban naki mai magani ya rufe gadajen biyu, ko nasa ya kasance a ɗame, an cusa bakinsa, ba ya saukowa kusa da fuskarsa. Ki kula da zafi kuma, domin mun fi yin kuskure ta wajen dumama jariri fiye da barinsa cikin sanyi. Za ki ga an sa wa yaro hular ulu da safa da rigar sanyi, an naɗe shi da shawul a tsakiyar watan Afrilu. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, idan da gumi ki rage kaya, kuma kada ya kwana da hula a cikin ɗaki. Da hunturu kada a shigo da kaskon garwashi a rufe taga, turaren wuta kuma a yi shi yaro yana waje, a bari hayaƙin ya fita. A nan ma ai mun riga mun gyara al'ada da hannunmu, domin tun da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka nuna a shekarun 1970 cewa kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa suna da alaƙa da ciwon zuciyar masu jego, gidaje da yawa suka sassauta, ba a kuma ce sun bar Hausanci ba.

Game da wanda zai saya, na san kayan ɗaki iyayen mace ne suke yi, amma wannan yana cikin ɗawainiyar ɗa, ita kuwa a kan uba take, saboda haka ki bar maigidanki ya yi abinsa. Masu cewa ba a sayen kayan jariri kafin a ga jaririn camfi ne kawai. Ku saya tun cikin wata na takwas, a haɗa, a gwada, domin ranar da kika dawo daga asibiti ba ranar neman ƙusa da maɗauri ba ce. Ki sani kuma amfaninsa na ɗan lokaci ne. Da zarar yaro ya fara birgima ko dogarawa da hannuwansa yana ɗagowa, wajen wata biyar zuwa shida, ko ya kai nauyin da aka rubuta a takardar gadon, wanda a galibinsu kilo 9 ne, sai a mayar da shi babban gado mai zurfi. Don haka kada ku zuba kuɗi a kan mai kiɗa da fitilu.

Ita kuwa Hajiya, kada ki tunkare ta da maganar likitoci da shekaru, kuma kada maganar ta fito daga bakinki, ɗanta ne zai yi mata bayani. Idan an kafa gadon, a kira ta ta gani da idonta cewa tsakaninki da jikanta bai kai kamu ɗaya ba, a roƙe ta ta sa albarka, ta kuma zama ita ce za ta fara kwantar da shi a ciki. Idan kin taho wanka gida, ki sa a naɗe gadon a taho da shi tare da maɗauransa, ki kuma turo mini awon tsayinsa tun yanzu domin in sa a duba gadon ɗakin da za ki sauka.

Allah Ya sauke ki lafiya.

Gwaggonki.