Babin ɗaliba ya ɓace, maki ya fita: yadda za a gyara izinin folda a Google Drive na jami'a

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata jami'a, kuma ni aka ɗora wa kula da furojek ɗin 'yan ajin ƙarshe a sashenmu, su kusan 60. Na buɗe folda ɗaya a Google Drive da imel ɗin da makaranta ta ba ni, na tura linkinta a guruf ɗin WhatsApp, na ce kowa ya zuba babukansa a ciki. A nan kuma na ajiye takardar maki don malamai masu dubawa su riƙa cikewa. Makon jiya wata ɗaliba ta zo min da kuka, babinta na uku ya ɓace. Sannan na ji ƙishin-ƙishin wasu sun san makinsu tun ba a fitar ba. Ga mai jarrabawa na waje zai shigo wata mai zuwa, ni kuma ina shirin tafiya hutun sabatika. Ta ina zan fara gyara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Akwai abu biyu da bai kamata su kwana ba. Ki buɗe foldar a kwamfuta, ki shiga wurin rabawa, ki duba ƙasa inda ake zaɓar waɗanda za su iya shiga. Tunda linki kika tura kuma kowa yana zuba aiki, alama ta nuna an saita shi a kan duk mai linki, da izinin gyara. Ki mayar da shi kan zaɓin da ke taƙaita shiga ga waɗanda kika sa sunayensu kaɗai. Daga nan ki ɗauke takardar makin daga cikin foldar, ki kai ta wata sabuwa da ba ki raba da kowa ba, sannan ki duba jerin masu izini a kan ita takardar kanta, ko akwai sunan da bai kamata ba. Ki sanar da ɗalibai a guruf cewa an rufe foldar na kwana biyu, don kada su cika ki da waya.

Tushen matsalar shi ne izini a Drive gado ake yi daga sama zuwa ƙasa. Duk wanda aka ba damar gyara a kan folda, ya samu wannan damar a kan duk abin da ke cikinta, har da wanda za a zuba gobe. Kamar wanda aka miƙa wa makullin ƙofar gida ne alhali ɗakunan ciki ba su da ƙyaure. Kin yi nufin ba su wurin ajiye babi, amma abin da na'urar ta ji shi ne kowa ya buɗe komai, ya gyara, ya matsar. Linkin da ya shiga WhatsApp kuwa ya riga ya fita daga hannunki, don ba ki san wanda ya tura wa wani ba.

Batun makin ya fi damuna fiye da babin, ba don an gani kawai ba. Wanda ya iya buɗe takardar ya iya canza abin da ke cikinta. In a Google Sheets take, ki buɗe tarihin gyare-gyarenta, zai nuna miki ranar da aka taɓa ta da asusun da ya taɓa. Kina kuma iya danna dama a kan gurbi guda ki ga yadda lambar ta sauya, misali daga 48 zuwa 68. Sai dai wanda ya shigo ta linki ba tare da ya shiga asusunsa ba, ba za ki ga suna ba, za a nuna shi a matsayin baƙon da ba a sani ba. Saboda haka kada ki dogara da allo kaɗai. Ki roƙi kowane malami ya kawo makin da ya rubuta a takarda, a gwada layi-layi. Kuma ki kai wa shugaban sashe maganar da bakinki kafin ya ji a waje. Maki mai ɗauke da suna da lambar ɗalibi bayanin mutum ne, kuma a Najeriya dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa cibiyoyi nauyin tsare irinsa. Wanda ya riga ya ɗauki hoton allo, wannan kam ya wuce, ba maɓallin da zai dawo da shi.

Ita ɗalibar, ki kwantar mata da hankali, da wuya a ce babin ya tafi har abada. A folda irin taki, duk wanda ya ɗora fayil shi ne mai shi, ba ke ba. Wani ɗalibi yana iya fitar da shi daga foldar ko ya ja shi cikin wata bisa kuskure, musamman a waya inda yatsa ke zamewa, amma mai fayil ne ke da ikon hallaka shi. Ta shiga asusun da ta ɗora aikin da shi, ta rubuta sunan fayil ɗin a wurin bincike, ta kuma leƙa kwandon shara. Drive yana riƙe abin da aka jefa a kwandon kwana 30 kafin ya share shi. Ko bayan haka, masu kula da asusun makaranta a ofishin ICT suna da kwana 25 da za su iya dawo da shi, in dai asusun na makaranta ne. Ke kuma ki buɗe foldar ki danna alamar bayani da ke gefen dama, za ki ga jerin abin da ya faru, wa ya matsar da me, yaushe. In kin ga sunan wani, kada ki yi saurin yanke masa hukunci, yawanci rashin sani ne. In kuma wani ne ya ɗora fayil a kan nata, tsohon yana nan a cikin tarihin fayil ɗin; na Word da PDF ana ajiye tsofaffin kwafi kwana 30 ko har guda 100.

Sabon tsarin da za ki gina, ki fara da tambayar wa ya kamata ya ga me, ba da tambayar wane darasi ne ba. A sama a matse, a ƙasa a saki. Babbar foldar furojek ta zama ke da malamai masu dubawa kaɗai. A cikinta kowane ɗalibi da ƙaramar foldarsa mai lambarsa, sai ki ƙara shi a kan tasa kawai. Shi zai ga nasa, malaminsa zai ga na kowa, ɗan'uwansa ba zai ma san da ita ba. Wannan zai kuma rage miki kwafe-kwafen babi na biyu da ke yawo tsakanin abokai. Jagorar rubutu da jadawalin kare furojek su zauna a wata folda dabam mai izinin kallo. Maki kuwa shi kaɗai a wurinsa, kada ya haɗa rufi da abin da ɗalibi ke shiga. Na san buɗe folda 60 aiki ne, amma na yini ɗaya ne. In ya yi miki yawa, Google Classroom yana yin wannan rabon da kansa: ɗalibi ya miƙa aiki, malami kaɗai ke gani, kuma ɗalibin ba zai iya gyara shi ba sai an mayar masa ko ya janye miƙawar.

Matakan izini uku ne, kallo da sharhi da gyara, kuma mutane sun cika bayar da na ukun don shi ne ba a dawowa ana damunsu. Malamin da ke duba babi, izinin sharhi ya ishe shi a mafi yawan lokaci, zai ja layi, ya rubuta gyara a gefe, ɗalibi ya karɓa ko ya nemi bayani. Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Mai izinin gyara yana iya ƙara wasu mutane ba tare da ya tambaye ki ba, sai in kin kashe wannan. A cikin akwatin rabawa akwai 'yar alamar saiti a kusurwar sama, a nan ake cire shi. A nan ne kuma, a kan fayil, ake hana masu kallo da masu sharhi saukewa da bugawa da kwafa. Yana da amfani, amma ba ya hana kyamarar waya.

Ki guji sa sunayen malamai ɗaya-ɗaya a kowace folda. Ki sa ofishin ICT ya buɗe muku rukuni a Google Groups, mai adireshin imel guda, ki raba foldar da rukunin. Malami ya bar sashe, a cire shi sau ɗaya, duk ƙofofin sun rufe masa. Sabo ya zo, a sa shi sau ɗaya.

Da zarar kin rufe linkin, saƙonnin neman izini za su fara shigo miki. Ki duba adireshin kafin ki amsa. Yawancin ɗalibai suna da asusu biyu a waya ɗaya, Gmail ɗinsu na tun sakandare da na makaranta, kuma wayar takan buɗe linki da na farkon. Sai ki ga saƙo daga wani laƙabi da lambobi a bayansa, ba ki san ko waye ba. Kada ki amince. Ki ce ya taɓa hotonsa a kusurwar manhajar ya koma asusun makaranta, zai ga foldarsa tana jiransa.

Sai babbar magana, wato tafiyarki. Yanzu haka aikin sashe gaba ɗaya yana rataye a asusunki da asusun ɗaliban da za su kammala. Ranar da makaranta ta goge asusun wanda ya gama, fayilolin da ya mallaka za su bi shi, ko da suna zaune a foldarki. Ba kuma zato ba ne za a riƙa gogewa. Google ya daina ba makarantu ajiya mara iyaka tun Yulin 2022, ya koma ba kowace cibiya terabait 100 da kowa da kowa zai raba, don haka masu kula da rumbun suna da dalilin share tsofaffin asusu. Maganin shi ne abin da Google ke kira Shared drives, rumbun da mallakarsa ta ƙungiya ce ba ta mutum ba. Abin da aka zuba a ciki yana nan ko wanda ya zuba ya tafi. Matakansa biyar ne, kuma a cikinsu akwai wanda ya dace da ɗalibai sarai, mai suna Contributor: yana ɗora fayil, yana gyarawa, amma ba ya iya matsarwa ko jefawa a shara. Da da shi aka fara, da babin bai ɓace ba. Matakin manaja kuwa a ba mutum biyu aƙalla, shugaban sashe da wanda zai riƙe miki aiki. In ba ki ga wurin buɗe irin wannan rumbu ba, ofishin ICT ne ya kulle, ki rubuta musu ta hannun shugaban sashe. Lokacin kwashe tsofaffin fayiloli za ki iya cin karo da waɗanda aka ɗora da Gmail na kai, su ƙi matsawa. Waɗannan sai masu su sun sake ɗora su da asusun makaranta.

Ga masu karatu da jami'arsu ke kan Microsoft, tsarin ɗaya ne: OneDrive na mutum ne, aikin sashe ya zauna a Teams ko SharePoint, kwandon sharar can kuma kwana 93 yake riƙewa.

Mai jarrabawa na waje, ki buɗe masa folda tasa mai kwafin ƙarshe na furojek ɗin a PDF, da izinin kallo ko sharhi, da adireshin imel ɗinsa, ba linki ba. A asusun makaranta ana iya sa wa izinin fayil ranar ƙarewa. Inda ba ki ga wannan zaɓin ba, ki rubuta ranar cire shi a kalandarki. In Drive ya ƙi karɓar adireshinsa, makaranta ce ta hana rabawa da na waje. Na san abin da kan zo wa mutum a rai a nan shi ne ya kwashe komai zuwa Gmail ɗinsa ya tura. Don Allah kada ki yi haka, aikin ɗalibai zai fita daga inda makaranta ke iya tsare shi ko dawo da shi. Ki nemi ICT su buɗe masa hanya, suna da yadda baƙo zai shiga da lambar tabbatarwa ko ba shi da asusun Google. Ki yi wannan tun yanzu, ba ana gobe zai zo ba.

Kafin ki tafi, ki zauna da wanda zai gaje ki, ya shiga da asusunsa a gabanki, ya buɗe foldar maki, ya ƙara wani ya cire. Ki kuma kira ɗalibi ɗaya ya miƙo miki wayarsa, ki gani da idonki abin da yake iya buɗewa da abin da ba ya iyawa.