Daga keke zuwa jirgi: amsar tambayoyinku kan abin hawa

Wani mai karatu ya rubuto: "Malam, na ga hoton abin hawa mai ƙafa uku a Tailan, wai tuk-tuk. Mene ne sunansa da Hausa?"

Sunansa keke, ɗan'uwa. Mutanen Tailan daga ƙarar injinsa suka raɗa masa suna. A Tanzaniya bajaji ake ce masa, sunan kamfanin Bajaj na Indiya da ke ƙera shi. Bahaushe kuwa tsohuwar kalmarsa ya ɗauko ya yafa masa. Keke dama ba na hawa ne kaɗai ba. Akwai keken ɗinki, akwai keken rubutu. Duk na'urar da ke da abin juyawa tana iya shiga wannan suna. "Napep" da ake liƙa masa sunan shirin yaƙi da talauci ne da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001.

Haka jirgi. Asalinsa na ruwa ne, wanda ake tuƙawa da filafili. Da dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, daga baya jirgin sama, har sai da mai asalin sunan ya koma neman ƙarin bayani: jirgin ruwa. Shi ya sa "jirgi ɗaya ya kwaso su" ba ta tsufa, ko wane jirgi ka hango ma'anar na nan, wato halinsu ɗaya. Ni dai wannan dabara ta fi burge ni a kan aro tsagwaronsa irin na mota da tasi.

Babur na haya kuwa, acaɓa ko kabu-kabu, shi ne boda-boda a Yuganda da Kenya.

Wata baiwar Allah ta tambayi ma'anar "da ɗan gari akan ci gari".

Malama, "ci" a nan ba na baki ba ne, cin yaƙi ne. Mayaƙa ba sa shiga birni mai ganuwa sai da wanda ya san ƙofofinsa. Yau an sassauta ta. Baƙon da ya sauka tasha bai san motar da zai hau ba, bai san ana daidaita kuɗi da direba kafin a tashi ba, sai ya nemi ɗan gari. Kada ki haɗa ta da "matambayi ba ya ɓata". Waccan a kan tambayar hanya take, wannan kuwa a kan samun na ciki ne da zai shige maka gaba, kuma akan faɗe ta har a zancen cin amana.