Amsa ga mai tambaya kan zanen baƙar kyanwa

Ƙanwata, da na ga kin ce kin zana baƙar kyanwarki ta fito kamar tabon gawayi, ba a gane fuska balle gashi, sai da zuciyata ta sosu, don abin da ya same ni ke nan da doki.

Wani mutum ne ya ba ni aikin zana akawal ɗinsa kafin hawan Sallah. Sati biyu ina kansa, baƙin fenti zalla na yi ta laftawa. Ranar da na kai masa yana zaune a ƙofar gida da jama'arsa. Ya ɗaga zanen sama kowa ya gani, ya ce wannan ai inuwar dokinsa ce. Aka fashe da dariya. Ko kuɗin fenti bai ba ni ba, ko sannu. Na rungumi abina na hau kabukabu, ido cike da ƙwalla. Wallahi da a keɓe ya faɗa mini, da godiya zan yi masa. Har yau ba na son bi ta layin nan.

Ki ajiye baƙin nan gefe. Ki haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, za su ba ki baƙi mai rai. Inda haske ya sauka, kamar goshi da gadon baya, ki ƙara shuɗi da ɗan fari. Ki duba kyanwar a rana da kyau, akwai ja-ja a gashin. Ido kuwa ruwan ɗorawa da ɗan kore, ɗigon fari ya zo ƙarshe.

Kuma don Allah ki riƙa karɓar rabin kuɗi kafin ki taɓa burushi, ko ɗan'uwa ne.

Hoton da za ki kwafa kada ki ɗauka da tsakar rana, ranar Sakkwato tana cinye inuwa. Ki bari sai la'asar sakaliya. In fentin akirilik, mai saurin bushewa, kike amfani da shi, yana ƙara duhu in ya bushe, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 kafin ki gama haɗi ya ƙafe a faranti. Ni tsumma nake jiƙawa, in shimfiɗa takardar gashin kek a kai, in zuba fentin.

Ki turo mana hoton kyanwar da zanen tare, in nuna miki inda za ki fara gyara.